Jitar Bes Ta Lantarki: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Tarawa, Ciniki, Haɗawa Da Wuyan Girafait

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sayen bes, masu sayar da ita da masu haɗa tasu da hannu suka fi maimaitawa. Awo ya zo da inci a wurare da dama domin da shi masana'antun Amurka suka tsara kayan, amma an sa milimita a gefensa inda ake bukata.

Mece ce bes ta lantarki, kuma wa ya fara ƙera ta?

Jita ce mai kaurin murya. Yawanci tsirkiya huɗu gare ta, ana ɗaure su a kan E, A, D da G, kuma mafi kaurinsu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa guda. Yawanci jikinta dunƙulallen katako ne, ba ƙwarya, don haka ita kaɗai ba ta da wata ƙara. Maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke karɓar kaɗawar tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya.

Paul Tutmarc na birnin Seattle ya ƙera irinta a tsakiyar shekarun 1930 da sunan Audiovox, sai dai ba ta samu kasuwa ba. Wadda ta zama uwa ita ce Precision Bass da Leo Fender ya fitar a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1951, Jazz Bass ta biyo baya a 1960. Har gobe, akasarin kayan gyaran da ke kasuwa a kan awon waɗannan biyun ake yanka su.

Me ake nufi da tsawon awo?

Nisan da ke tsakanin matashi (ɗan ƙashin da tsirkiya ke hawa kusa da kai) da jaki (ƙarfen da take sauka a kansa a jiki). Na Fender inci 34 ne, milimita 863.6 ke nan. Gibson EB-0 da EB-3 suna da inci 30.5, Rickenbacker 4001 inci 33.25, masu tsirkiya biyar da yawa kuma suna zuwa da inci 35 don kada tsirkiyar B ta yi sako-sako.

In za ka auna, auna daga bakin matashi zuwa tsakiyar firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya) ka ninka biyu. Kada ka auna zuwa jaki, domin kowace tsirkiya da inda aka tura mazauninta.

Wuya mai sukuru, mai gam, ko mai ratsa jiki, wanne ya fi?

Fender yawanci sukuru huɗu da farantin ƙarfe take sawa. Höfner da Gibson EB gam suke sawa. Rickenbacker tun 1957, da Gibson Thunderbird ta 1963, da Alembic, wuyansu yana ratsa jiki har gindi, sai a manna fukafukai biyu a gefe. Ana ta gardama a kan wanne ya fi riƙe sauti, amma a kunne bambancin bai kai surutun ba muddin haɗin ya zauna daram.

Inda bambancin yake da gaske shi ne wajen gyara da ciniki. Mai sukuru in wuya ya lalace, minti goma ka canja shi. Wannan sauƙin ne kuma ya sa aka fi yin haɗe-haɗe da shi, a ɗauko wuyan wata shekara a ɗora wa jikin wata (duba amsar gane shekara). Mai ratsa jiki kuwa, in wuyan ya murɗe, jitar ce gaba ɗaya ta tafi.

Waɗanne irin bes ne masu tarawa suka fi nema?

Kan gaba akwai Fender da aka yi kafin kamfanin CBS ya saye masana'antar a Janairun 1965 kan dala miliyan 13. A cikinsu ma akwai daraja hawa-hawa: Jazz Bass ta farko mai maɓallai biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, allon yatsu mai kauri na katakon rozwud da aka yi daga 1959 zuwa tsakiyar 1962, da fenti mai launi na musamman, wanda ya fi na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba. Bayan su akwai Music Man StingRay daga 1976 zuwa 1984, kafin Ernie Ball ya sayi kamfanin, da Rickenbacker 4001, da tsofaffin Höfner 500/1, da Fender ɗin Japan na farko masu lambar JV daga 1982. A ɓangaren masu wuyan girafait, wato na zaren kabon maimakon katako, Steinberger L2 da Music Man Cutlass ne aka fi bi.

Tsufa shi kaɗai ba ya mai da jita mai kyau. Fender da yawa na ƙarshen shekarun 1970 sun haura kilo 5, ga rata tsakanin wuya da raminsa. Suna da farashi saboda shekarunsu, amma wanda zai rataya ta awa uku a kafaɗa ya gwada tukuna. Mai tarawa da ya tsaya kan abu guda, kamfani ɗaya ko zamani ɗaya, shi ne ke saurin gane jabu, domin idonsa ya saba.

Yaya zan gane shekarar tsohuwar Fender?

Kada ka dogara da lambar da ke kan farantin wuya ita kaɗai, domin faranti sukuru huɗu kawai ke riƙe da shi. Lambobi masu farawa da L na 1963 zuwa 1965 ne, faranti mai babban harafin F ya shigo a ƙarshen 1965, daga 1976 kuma lambar ta koma kan kai. Wannan mafari ne kawai.

Shaida ta biyu tana gindin wuya. In aka kwance shi za a ga wata da shekara, da fensir a shekarun farko, da hatimi daga 1962. Ta uku tana bayan bolum, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓallin murɗawa. Lambobi ukun farko na masana'anta ne: 137 CTS ce, 304 Stackpole. Sauran shekara da mako ne, don haka 1376612 na nufin CTS, 1966, mako na 12. Ka tuna cewa wannan ranar ƙera bolum ce. Jitar ba za ta girme shi ba sai in an canja shi, amma tana iya zuwa bayansa da shekaru: Fender ta sayi bolum jibgi a 1966, ta yi ta sa su har farkon shekarun 1970.

Dukkan shaidun sai sun yi daidai da juna, su kuma yi daidai da siffar jitar. In wuya ya ce 1964, bolum ya ce 1978, dalmar wayoyi kuma sabuwa fil tana ƙyalli, to an taɓa ta, farashi ma sai ya sauka.

Sabon fenti ko canjin kaya yana rage daraja?

Ga tsohuwar jita, sosai. Ƙa'idar da 'yan kasuwar suka saba da ita ita ce sabon fenti yana zubar da kusan rabin kuɗi, ko da ya fi na asalin kyau. Har wajen 1968 Fender fentin naitiro take fesawa, wanda ke tsattsagewa da canja launi in ya tsufa, kuma wannan tsufan shi ake saye. A ƙarƙashin fitilar ultrabayolet tsohon naitiro yana ba da haske kore-kore, inda aka yi faci kuma sai ya fito duhu.

Canjin da za a iya mayarwa, kamar jaki ko kunnuwan ɗaure tsirkiya da suka zauna a ramukan asali, ba ya cutarwa in an adana tsofaffin an miƙa wa mai saye. Sabon huji, faɗaɗa ramin maɗaukin sauti, ko sassaƙa gurbin batir, waɗannan ba sa komawa. Canjin firet da gwani ya yi bai cika rage kuɗi ba, domin firet abin cinyewa ne.

Me zan fara dubawa kafin in biya?

Wuya, kafin komai. Ɗaga jitar ka hango daga kai zuwa jiki, gefen E da gefen G. In gefe ɗaya ya yi kwari ɗayan ya miƙe, wuyan ya murɗe, kuma gyaransa tsada gare shi, wani sa'in ma ba ya yiwuwa. Sai ka nemi izinin murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya kaɗan, dama da hagu. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa ba ta kama komai, ko an riga an ɗaure ta har ƙarshe amma wuyan na nan da kwari, ka rage farashin sabon wuya ko ka bar ta. Tsohuwar Rickenbacker 4001 dabam take: sai an fara miƙe wuyan da hannu sannan a ɗaure sandunan, in ba haka ba allon yatsu ya ɓalle kusa da matashi. Duba wurin ko akwai tsaga.

Daga nan ka kaɗa kowane firet a kan kowace tsirkiya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin soket. In mai batir ce, buɗe gurbin ka ga ko tsohon batir ya taɓa yoyo.

Ciniki daga nesa fa, da aikawa wata ƙasa?

Nemi hoton gindin wuya, ramin wuya, bayan bolum da ƙarƙashin maɗaukin sauti, ka nemi a ɗora ta kan sikeli a ɗauki hoton nauyin. Biya ta hanyar da ke kare mai saye, irin wadda shafukan ciniki na intanet kamar Reverb da eBay ke da ita. A musayar jita da jita, ku rubuta darajar kowacce da wanda zai biya kuɗin aikawa kafin wani ya rufe kwali.

Wajen ɗauri, a sassauta tsirkiya kaɗan, a cusa takarda ko soso har jitar ta daina motsi a cikin akwatinta, musamman wajen kai, sannan a sa akwatin cikin kwali. Mai sukuru ana iya raba wuya da jiki. Idan ta iso daga sanyi, a bar kwalin a rufe kwana guda, don canjin zafi na farat ɗaya shi ke fasa naitiro.

Sai batun CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ɓacewa. Rozwud na Brazil yana cikin rukunin farko tun 1992, kuma shi ne a allon yatsun Fender da yawa na farkon shekarun 1960, don haka ketare iyaka da shi sai da takardu. Sauran nau'o'in rozwud sun shiga rukuni na biyu a Janairun 2017, aka cire kayan kiɗa daga dokar a Nuwamban 2019. Sassaucin bai shafi na Brazil ba.

Mene ne wuyan girafait?

Zaren kabon ne da aka jiƙa da rezin, aka shimfiɗa shi hawa-hawa a cikin maƙera, aka gasa har ya sandare. Akasari cikinsa kogo ne ko an cika shi da kumfa mai tauri, allon yatsun kuma na rezin ɗin fenolik. Geoff Gould, wanda ya yi aiki a masana'antar kayan sararin samaniya, shi ya kawo dabarar. An nuna wuyan farko a jikin Alembic a baje-kolin kayan kiɗa na NAMM na 1977, Gould ya kafa kamfanin Modulus a 1978. Ned Steinberger ya fito da L2 marar kai wajen 1980, wadda wuya da jiki duk zubi ɗaya ne, Gibson ta sayi kamfanin a 1987. Rob Green ya kafa Status a Ingila a 1981, Joe Zon ma ya fara nasa a Buffalo a wannan shekarar.

Da gaske ne ba ya motsi, ba ya bukatar sandar ƙarfe?

Rabin gaskiya ce. Tsirkiya huɗu masu kaurin inci 0.045 zuwa 0.105 suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 90. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, shi ya sa kwarinsa ke canjawa da yanayi, bakin firet ma ya riƙa tsirowa a gefe yana yankar hannu in iska ta bushe. Girafait bai damu da laima ba, don haka saitin da aka yi masa yana daɗewa. Ga mai yawo da jita daga ƙasa zuwa ƙasa wannan babban abu ne.

Amma wuyoyin farko na Modulus, Steinberger da Zon ba su da sandar ƙarfe ko kaɗan. An zuba su da ɗan kwarin da aka lissafa don tsirkiya matsakaiciya. In wannan kwarin bai yi maka ba, ko wuyan ya ɗan saki bayan shekara talatin, ba abin murɗawa. Abin da ya rage shi ne canja kaurin tsirkiya (mai kauri tana ƙara kwari, siririya tana ragewa), ko a goge firet, ko a cire su a gyara allon kansa. Zafi mai tsanani, irin na motar da aka rufe a rana, yana iya tausasa rezin alhali tsirkiya na ja. Shi ya sa daga baya Modulus da Status suka koma sa sanda. Duk mai sayen tsohuwar girafait ya auna kwarin kamar yadda aka bayyana a amsar saiti, da tsirkiya a ɗaure daidai, kafin a yi maganar kuɗi.

Yana canja sauti? Yana kawar da mataccen gurbi?

Mataccen gurbi shi ne wurin da sauti ke mutuwa da wuri. A bes mai inci 34 irin ta Fender ya fi zama a kan tsirkiyar G tsakanin firet na 5 da na 7. Dalili shi ne wuyan kansa yana da muryar da yake karkarwa a kai, in ta yi daidai da wadda aka kaɗa sai ya shanye ƙarfin tsirkiya. Girafait ya fi tauri, don haka wannan muryar tana hawa sama, matsalar ta ragu ƙwarai ko ta koma inda ba a cika jin ta ba. A wuyan katako, ƙara nauyi a kai ko sa kunnuwa marasa nauyi yana matsar da gurbin, ba ya kashe shi.

Sautin girafait a fili yake, kowane firet da ƙara kusan iri ɗaya. Wasu na jin hakan tsabta ce, wasu na cewa ya bushe. Kuskuren yatsa dai ba ya ɓuya a kansa. Kada kuma ka ɗauka lallai ya fi katako sauƙin nauyi, sau da yawa kusan ɗaya suke.

Zan iya ɗora wuyan girafait a jikin Fender?

Eh, in awo ya yi daidai: faɗin gindi inci 2.5 (milimita 63.5), zurfin rami inci 5/8 (kusan milimita 16), tsawon awo inci 34. In ya matse, a rage ramin katakon, kada a taɓa wuyan. Wajen huji ake ɓarna. Girafait ba ya buɗa wa sukuru hanya kamar katako, in ramin ya yi ƙanƙanta sai fatar ta fashe ko sukurun ya karye a ciki. A bi girman da masana'antar ta faɗa, a naɗa tef a bakin abin hujin don kada ya zarce, a ɗan faɗaɗa bakin ramin. Masu gyara da yawa sun fi son dasa noti na ƙarfe da efoksi, a ɗaure da sukurun inji.

Ƙurar kabon tana cutar da huhu da fata, kuma tana ɗaukar lantarki. A sa takunkumi, a share da jiƙaƙƙen tsumma, a nisanta ta da maɗaukin sauti da amfilifaya. Canjin firet a allon fenolik ma sai wanda ya saba: gefen ramin yana ɓarewa, kuma sai an haɗa da gam domin haƙoran firet ba sa kama shi kamar katako.

Sandunan kabon a cikin wuyan katako fa?

Wannan ce tsaka-tsakiya, kuma Fender ɗin Amurka na yin haka tun tsakiyar shekarun 1990. Ana sassaƙa ramuka biyu a gefen sandar ƙarfe, a tsayar da sanda mai milimita 3.2 da 9.5 a kan gefenta, a liƙe da efoksi kafin a manna allon yatsu. Gam ɗin katako ba ya kama kabon da kyau. In aka cika su da yawa, sandar ƙarfe za ta kasa lanƙwasa wuyan. Vigier ta Faransa ta bi wata hanyar, ta sa kabon ta cire sandar ƙarfe gaba ɗaya.

Ina so in haɗa ta farko. Daga ina zan fara?

Sayi wuya gamamme, ka sassaƙa jiki. Katakon olda ko ash mai kaurin milimita 44, wanda laimarsa ta sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ja layin tsakiya, ka fara da ramin wuya tun katakon yana da faɗin da samfuri zai zauna a kai. Ɗaura wuyan, ka aza doguwar rula a gefensa biyu, ka fitar da ainihin tsakiya daga gare su. Sai yanzu ne za ka auna inci 34 daga matashi ka sa jaki, mazaunin G yana kusa da ƙarshen gaba, domin duk sauran baya za su ja. Wanda ya dasa jaki kafin wuya, shi ke ƙarewa da tsirkiyar G tana zamewa daga gefen allo.

Ramukan sukuru a jiki su zama masu faɗi yadda sukurun zai wuce salin-alin, a wuya kaɗai zai ciza. In ya ciji duka biyun, rata za ta rage a tsakani. Ƙananan sukurun kunnuwa kuma suna karyewa a katakon meful in ba a fara huda musu hanya an shafa musu kakin zuma ba.

In ka kai ga yanka allon yatsu da kanka, raba tsawon awo da 17.817. A milimita 863.6 firet na farko zai faɗa a 48.47. Raba abin da ya rage da wannan lambar, na biyu ya faɗa a 94.22, haka har ƙarshe, kuma na 12 dole ya zo a 431.8. Kowanne a auna shi daga matashi, ba daga na kusa da shi ba, don kada kuskure ya taru.

Yaya ake saiti, kuma da wane jeri?

Kwarin wuya, sai tsayin tsirkiya, sai daidaiton sauti. In aka sauya jerin, aikin sai an maimaita. Ɗaure tsirkiya daidai, danne E a firet na farko da na ƙarshe, ka auna ratar da ke saman firet na 8. Milimita 0.3 ake nema. In ta yi yawa, ɗaure sandar, in babu rata wuyan ya yi doro, sassauta. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, kuma ka yi amfani da alanki da ya shige daidai.

Tsayi a firet na 17 ya zama wajen milimita 2.4 a gefen E, 2.0 a gefen G. Zizar da ke fitowa a firet biyar na farko kwari ne ya yi kaɗan, wadda ke fitowa sama da na 12 jaki ne ya yi ƙasa. A ƙarshe kwatanta tsirkiya a sake da ita a danne a firet na 12. In ta haura, ja mazaunin baya, in ta gaza, tura shi gaba.

Na gama haɗawa amma tana gurnani. Me ya jawo?

Taɓa tsirkiya ka saurara. In ƙarar ta ragu, wayar ƙasa (wadda ke haɗa ƙarafan jitar da gefen soket marar wuta) na aiki, rufin da ke tare ƙarar lantarki ne babu: shimfiɗa tef ɗin tagulla a ramukan lantarki ka haɗa shi da ƙasa. In ba ta canja ba, wayar da ke zuwa ƙarƙashin jaki ta tsinke ko ba ta taɓa ƙarfe. In ta ƙaru, duba ko an juya wayoyin soket. Jazz Bass dama tana gurnani in aka buɗe maɗauki ɗaya kawai, ta yi shiru in aka buɗe biyun daidai. Precision mai rabaccen maɗauki, wanda ya shigo a 1957, tana kashe nata da kanta. Bolum na 250k da kafasita 0.047 su ne abin da aka saba sa wa duka biyun.

Yaya ake ajiye su na dogon lokaci?

A cikin akwati, a ɗakin da laimarsa ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, nesa da rana da abin ɗumama ɗaki. A cire batir daga masu batir, kuma ko a ranakun aiki a zare waya bayan kiɗa, domin soket ɗin ne makunninsa. Roba da leda irin ta wasu maratayai suna narkar da naitiro, a lulluɓe wurin da auduga. In ajiyar ta watanni ce a sassauta tsirkiya kaɗan, ba duka ba, domin sandar ƙarfe na nan tana ja ta baya kuma wuyan katako zai iya yin doro. Tsohuwar girafait marar sanda ba ta da wannan matsalar, ana iya sassauta tata fiye da haka.